Tukunyar 'Yan Kwana-kwana: Gyaran Girki da Gina Amana a Ofishin Kashe Gobara a Zariya

Yawancin mutane sun ɗauka wuta ce ko ruftawar rufi ke kashe ɗan kwana-kwana a bakin aiki. A Amurka, inda aka daɗe ana rubuta dalilin mutuwar kowane ma'aikacin kashe gobara, zuciya ce a kan gaba: kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka rasu a bakin aiki a tsawon shekaru, bugun zuciya ne ya ɗauke su. Wani bincike da likitocin Jami'ar Harvard suka fitar a 2007 ya nuna cewa ainihin lokacin faɗa da wuta bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikin ma'aikaci ba, amma a cikinsa ake samun kusan kashi 32 na mace-macen zuciyar. Dalilin a fili yake. Mutum yana barci, jiniya ta tashe shi, cikin mintuna kaɗan ya ɗauki kayan kariya da tukunyar iska masu nauyin fiye da kilo 20, ya shiga zafi da hayaƙi, gumi ya tsiyaye masa ruwan jiki har jini ya yi kauri. Idan dama akwai hawan jini ko kitse ya fara toshe jijiya, a nan za ta bayyana.

Alƙaluman na Amurka ne, amma jijiyar Bazazzagi ba ta da bambanci da ta Ba'amurke. Mu ma muna da namu ƙarin: hunturu da gobarar kasuwa da ta daji, sai bazara daga Maris zuwa Mayu da zafinta, ga lungunan Birni da na Tudun Wada da mota ba ta shiga sai an ja mesa da ƙafa.

Ofishin 'yan kwana-kwana, na jiha ne ko na tarayya ko na jami'a ko na filin jirgi, ba shi da ikon sayo wa kansa sabuwar mota. Yana da iko da tukunyarsa. Ra'ayina shi ne tukunyar nan ita ce wuri mafi sauƙi da za a gyara abu biyu a lokaci guda, lafiyar zuciya da yardar da ke tsakanin mutanen da za su shiga hayaƙi tare. Masu bincike na Jami'ar Cornell sun bibiyi ofisoshin kashe gobara na wani babban birni, a 2015 suka ba da rahoton cewa ayarin da ke cin abinci tare ya fi samun yabon shugabanninsa wajen aiki. Ba su tabbatar da cewa cin abincin ne ya haddasa hakan ba, amma duk wanda ya taɓa zama a bariki ya san ba ka cin kwano ɗaya kullum da wanda kake zargi.

Mataki na farko: kuɗin tukunya

Kada a fara da maganar gishiri ko mai. A fara da kuɗi, don a nan tukunyar haɗaka take mutuwa.

A zauna ranar da albashi ya shigo, kowa da kowa na wannan ayarin, har direba da mai ɗaukar waya. A yanke abin da kowa zai bayar a wata. Hanya biyu ce: ko kowa ya ba da daidai, ko manya su ɗan ɗara ƙanana. Ni na fi son ta biyu, muddin a bainar jama'a aka amince da ita, saboda sabon shiga da albashinsa bai taka kara ya karya ba zai ji kunyar cewa ba zai iya ba, sai ya riƙa zamewa lokacin cin abinci yana cewa ya ƙoshi.

Sai a naɗa mutum biyu, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban. Kada oga ya zama ɗaya daga cikinsu. Ba don ana zarginsa ba, sai don babu ƙaramin ma'aikacin da zai iya tsayawa ya ce masa, "Yallaɓai, lissafin bai cika ba." A sayi littafi mai bango, a rataye shi kusa da murhu inda kowa zai iya buɗewa. Abin da aka karɓa, abin da aka sayo, farashinsa, ragowar canji, duk a rubuta ranar da abin ya faru. Duk wata uku a sauya mutanen biyu. Wanda ya kasa biya a wani wata, ya faɗa wa mai rubutu shi kaɗai, a ɗaga masa, kuma kada a ji zancen a bakin kowa lokacin raha.

Wannan ƙaramin littafi shi ne atisayen farko. Ayarin da zai iya tambayar juna kuɗin albasa ba tare da ɓacin rai ba, ya fara koyon yadda zai tambayi juna dalilin da ya sa tankin mota ya fita rabi.

Mataki na biyu: cefane

A raba cefane gida biyu. Na wata: wake, tsakin masara, dawa ko gero, shinkafa, gyaɗa, busasshen kifi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, mai. Na kwana biyu ko uku: ganye, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, da 'ya'yan itacen da ake yayi. Kasuwar Sabon Gari, ta Tudun Wada da ta Samaru duk suna wadatar da wannan, kuma hatsi ya fi araha da kaka, daidai lokacin da gobara ke shirin yawaita.

Mutum biyu za su tafi, babba da ƙarami, kuma a riƙa juyawa. A duba gyaɗa da masara da kyau. Wadda ta yi fumfuna, ta canza launi, ko take ɗaci, a bar ta komai arharta, don irin wannan fumfunar tana fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Abin da ya kamata a rage saye: lemon kwalba, burodi da bota a matsayin abincin dare, indomi katan-katan, da kitsen da mahauci ke ƙarawa a matsayin gyara. Ba haramta su za a yi ba. Kawai kada kuɗin haɗaka ya saye su.

Mataki na uku: gishiri, dunƙule, kanwa da mai

A nan aikin yake, kuma a nan za a fi samun gunaguni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa har da wanda ba a gani: na cikin burodi, na yajin tsire, na ƙullin da ke cikin indomi, da na dunƙule, wanda kusan rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne. Mai girki ya jefa dunƙule goma a tukunya, ya bi da gishiri da hannu, sannan kowa ya barbaɗa yaji mai gishiri a kwanonsa, ai an cinye rabon yini a zama ɗaya.

Kanwa ma 'yar gidan ce, don sinadarin da ke tayar da hawan jini a gishiri yana cikinta. Zariya ta san wannan fiye da ko'ina: tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a wannan yanki, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Idan don wake ya yi saurin nuna ake zuba ta, a jiƙa waken tun dare ko tun asuba, a zubar da ruwan jiƙon, zai nuna ba tare da ita ba, kuma kumburin ciki zai ragu.

Kuskuren da masu zumuɗin gyara suke yi shi ne yanke gishiri rana ɗaya. Washegari kowa zai koma wurin mai shayi. Harshe yana sabawa ne a hankali, cikin makonni. Don haka a rage kashi ɗaya cikin huɗu a makon farko, a tsaya a nan mako biyu, sannan a sake ragewa. Kuma a faɗa wa mutane ana yi. Rage gishiri a ɓoye, ko da niyya mai kyau, yaudara ce, ranar da aka gane kuma an ɓata abin da ake ginawa. Gurbin da aka bari a cike shi da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, garin busasshen kifi, da tsamin yakuwa ko lemon tsami. Miyar da ta ji daddawa da kifi ba ta neman dunƙule da yawa.

Mai kuwa a daina tuttulawa daga galan. A auna: babban cokali ɗaya ga kowane mutum a kowace tukunya ya isa. Man gyaɗa ko na waken suya ya zama na kullum, manja jefi-jefi. Man da aka yi suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa, a zubar. Awara da kifi da dankali duk suna gasuwa ko su dahu a cikin miya, ba dole sai an tsoma su a mai ba.

Kwanon kowa a kasa shi haka: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar tuwo ko shinkafa. Na san mai jan mesa zai kalli wannan ya yi dariya. To, ranar da aka yi aiki mai nauyi a ƙara tuwon. Amma a faɗi gaskiya, yawancin ranakun aiki zaman jira ne, kuma tumbi a zaman jira yake fitowa.

Abincin da zai jure jiniya

Girkin ofishin kashe gobara yana da sharaɗin da na gida ba shi da shi: ana iya barin sa a kowane minti. Saboda haka abincin tukunya ɗaya ya fi dacewa, wanda za a kashe wa wuta a dawo a ɗora. Kanawa sun daɗe suna tsokanar Zage-zagi da fate, su yi ta yi, a wannan fagen babu abin da ya kama ƙafarsa.

Ga faten tsaki da wake na mutum 8. A jiƙa wake gwangwanin madara 4. A dafa shi shi kaɗai har ya kusa nuna. A zuba jajjagen tumatir, tattasai, attaruhu da manyan albasa 3, da mai babban cokali 8, daddawa, citta, tafarnuwa, da busasshen kifin da aka wanke da ruwan zafi aka cire ƙaya. A ƙara ruwa, idan ya tafasa a zuba dakakkiyar gyaɗa gwangwani 2, sannan wankakken tsaki gwangwani 6, ana juyawa don kada ya kama. Ƙananan dunƙule 3 da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi sun ishi tukunyar duka. Sai tsakin ya nuna za a zuba ganye, alayyahu da rama ko yakuwa ko zogale, da yawa har mai girki ya ga kamar ya wuce kima, a rufe minti 5 a sauke. Kabewa ko gauta idan akwai, tare da tsakin za su shiga.

Sauran ranaku a juya tsakanin shinkafa da wake da kwaɗon zogale, dambun masara mai ganye, tuwon dawa da miyar kuka ko taushe, faten dankalin Hausa, da acca idan aljihu ya yarda. Da dare a sauƙaƙa: cikin da ya cika da tuwo ƙarfe goma ba ya son hawa tsani ƙarfe ɗaya.

Doka ɗaya ba a sassauta ta: a allon aiki na kowace rana a rubuta sunan wanda zai kashe murhu ya rufe kan tukunyar gas idan jiniya ta yi kuka. Babu abin kunyar da ya kai a ce ofishin 'yan kwana-kwana ya kama da wuta suna wajen kashe ta wani. In an dawo, abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba ba a firji ba, a yi hattara da shi. A sake tafasa shi har tsakiya, ba ɗumamawa ba. Shinkafar da ta yini a zafin bazara kuwa a haƙura da ita, don gubar da ƙwayoyin cuta ke bari a cikinta ba ta jin tafasa.

A mota kuma a ajiye ɗan guzuri da ba ya lalacewa, gyaɗa marar gishiri, dabino, ƙuli-ƙuli, don gobarar kasuwa tana iya cin yini.

Ruwa, da abin da ake sha

Mai faɗa da wuta cikin kayan kariya yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa guda. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: wanda ya fita da ƙishirwa ba zai cike giɓin a bakin wuta ba. A sha tun kafin kira, a duba fitsari, idan ya yi duhu kamar shayi akwai bashi. Bayan aiki mai tsawo a haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wannan na ranar gumi ne kawai, ba na zaman benci ba.

Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali iyakar da aka ba babban mutum a yini kimanin giram 50 ce. Zoɓo da citta, ko kunun tsamiya, ko fura da nono da aka sa wa sukari kaɗan, sun fi. Shayin dare da goro ba laifi daidai gwargwado, amma lemon ƙarin kuzari a kan rashin barci, sannan a ruga bakin wuta, ɗora wa zuciya kaya ne a kan kaya.

Kafin azumi ya kama a zauna a tsara shi. Sahur ya ƙunshi wake ko ƙwai ko fura da ruwa mai yawa, ban da abu mai gishiri. A gayyato malami ya yi bayanin hukuncin wanda ya galabaita wajen ceton rai, don kada wani ya faɗi a bakin aiki saboda kunyar a ga ya sha ruwa. Abokan aiki Kiristoci su ɗauki aikin rana mai nauyi a watan, Musulmi su rama musu da Kirsimeti da Ista. Irin wannan ramuwar ba a mantawa da ita.

Wanka kafin kwano

A 2022 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa cutar daji. Toka da baƙin hayaƙin roba, katifa da wayar lantarki suna shiga ta fata da baki, ba ta huhu kaɗai ba. Don haka tun a wurin gobara a goge wuya, fuska da hannu, in an dawo a yi wanka da sabulu kafin a taɓa abinci, kuma riga, hula da safar hannun aiki kada su shiga inda ake girki ko inda ake kwana. Baƙin fuska ba lambar jarumta ba ce.

Zaman bayan gobara

Bayan wanka da cin abinci, kafin kowa ya watse, a ɗauki minti 15. Sojojin Amurka suna da tambayoyi huɗu da ma'aikatan kashe gobara na ƙasashe da yawa suka ara: me muka yi niyyar yi, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za mu yi daban a gaba. Babu tambayar "wa ya jawo?" a ciki, kuma da gangan aka bar ta.

Tsarin magana shi ne sirrin. Idan akwai kuskuren da oga ya yi, shi zai fara faɗa da bakinsa: "Na ajiye mota nesa da yawa, na sa kuka ja mesa a banza." Daga nan sai mafi ƙanƙanta ya yi magana, a hau sama, don idan manya suka riga shi, abin da suka ce zai maimaita. A al'adarmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane, kuma ba na cewa a rushe wannan. A ba shi ƙofa ne kawai. Maimakon "akwai mai magana?", wadda amsarta kullum shiru ce, babba ya kira shi: "Kai da kake riƙe da bakin mesa, me ka gani da ban gani ba?" Shi kuma ya amsa da ladabinsa: "Oga, Allah ya ba ka haƙuri, da ka ce mu shiga ban ji ba, hayaniya ta yi yawa." An sami matsalar ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar ayarin ma'aikatan jinya da suka fi jituwa su ne suka fi kai rahoton kurakurai. Bayanin da ta bayar shi ne ba sun fi yin kuskure ba ne, sun fi rashin tsoron faɗa. Saboda haka idan wata ya wuce babu wanda ya ce ya yi kuskure a ofishinku, kada oga ya yi murna. Wanda ya zo da kansa ya ce ya manta bai duba tukunyar iska ba, a gode masa a gyara. Sakaci da gangan da maimaita laifi suna da hukuncinsu, amma a ofis, tsakanin mutum biyu, ba a kan tabarmar cin abinci ba.

Akwai ranakun da ba kuskure ne ke damun mutane ba. An fito da gawar yaro, ko an isa a makare jama'a suka tare mota da zagi da jifa. Kada a tilasta wa kowa magana a irin wannan rana. A dai zauna tare, a ci abin da za a iya ci. Kwana biyu ko uku bayan haka, wanda ya fi kusa da shi ya ja shi gefe ya tambaye shi barci. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko ya fara neman ƙwaya don ya samu, a raka shi wurin likita, kuma zancen ya tsaya a tsakanin waɗanda suka raka shi.

Wa ke girki, wa ke wanke-wanke

A rubuta juyi a allo, sunan oga a ciki. Ba sai ya tuƙa tuwo ba, amma ya yanka albasa ko ya wanke tukunya a ranarsa, kuma ya zama na ƙarshe wajen ɗiba. Idan akwai mace a ayarin, ma'aikaciya ce kamar kowa, kada girki ya zama nata don kawai mace ce. Sabon shiga kuma a haɗa shi da wani tsohon hannu, ba a mayar da shi ɗan aike ba. Wanda ke gadin waya ko ya fita aiki, a rufe masa nasa kafin kowa ya sa hannu. Raha a yi ta, Bakano da Bazazzagi su sha hannu, amma addini, ƙabila, iyali da bashin mutum ba abin wasa ba ne a wurin cin abinci.

Awo

Daga kuɗin haɗakar wata na biyu ko na uku a sayi na'urar awon jini ta dantse da tef ɗin tela. Sau ɗaya a wata, da safe, bayan an zauna minti 5, kowa ya auna. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, ya je asibiti, kada ya tsaya ga tafarnuwa da zoɓo. Ƙugun namiji idan ya wuce santimita 102, na mace 88, haɗarin ya ƙaru sosai. Kowa ya riƙe sakamakonsa a takardarsa, kuma oga ya faɗa a fili cewa ba za a yi amfani da shi wajen hana kowa ƙarin girma ba, in ba haka ba masu hawan jinin su ne za su riƙa ɓacewa ranar awo.

A kuma haddace alamun nan tare: nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, jiri. Suna iya zuwa a bakin wuta, suna iya zuwa awanni bayan an dawo. Duk wanda ya ga haka a jikin abokinsa, ko da oga ne, yana da izinin tsayar da shi. A zaunar da shi, a cire masa kayan nauyi, kada a bar shi ya tuƙa ko ya hau babur shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Shika nan take. Lambar direban da zai kai shi da hanyar da za a bi, a rubuta su a bangon littafin tukunya tun yau.